Jami'ar Bayero Kano

Jami'ar Bayero, wadda aka fi sani da BUK, jami'a ce ta gwamnatin tarayya da ke birnin Kano a arewacin Najeriya. An raɗa mata sunan Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Tana da manyan matsugunai guda biyu: tsohuwar jami'a da ke yamma da ganuwar birni, kusa da ƙofar Kabuga da ƙofar Dukawuya, da kuma sabuwar jami'a da ke kan titin Gwarzo, wajen Rimin Gata.

Tarihi

Asalin jami'ar ita ce Kwalejin Ahmadu Bello da aka buɗe a shekarar 1960 a harabar Makarantar Koyon Larabci ta Kano. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sai aka sauya wa kwalejin suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshen jami'ar ta Zariya mai kula da Larabci da ilimin addinin Musulunci. A 1964 ta koma wani matsuguni na wucin gadi a tsohon otal ɗin filin jirgin sama na Kano, inda ta ɗauki rukunin farko na ɗalibai goma masu neman digiri. A lokacin yaƙin basasa ne ta bar wajen filin jirgin, ta tare a inda ake kira tsohuwar jami'a a yau.

A 1975 gwamnatin tarayya ta ɗaga darajarta zuwa kwalejin jami'a mai hukumar gudanarwa ta kanta, a ƙarƙashin jagorancin Dakta Mahmud Tukur. A 1977 ta zama cikakkiyar jami'a da sunan Jami'ar Bayero, sannan doka mai lamba 79 ta shekarar 1979 ta tabbatar da hakan. Yawan ɗalibai da ƙarancin fili a tsohon matsuguni ne suka sa aka gina sabuwar jami'a, wadda tsangayoyi suka fara komawa cikinta a shekarun 1980.

Daga cikin waɗanda suka shugabanci jami'ar akwai Farfesa J. O. C. Ezeilo, da Ibrahim Umar, da Ɗandatti Abdulƙadir, da Musa Abdullahi, da Attahiru Jega (2005 zuwa 2010), da Abubakar Adamu Rasheed (2010 zuwa 2015), da Muhammad Yahuza Bello (2015 zuwa 2020), da Sagir Adamu Abbas (2020 zuwa 2025). Daga wannan kujera Jega ya tafi shugabancin hukumar zaɓe ta ƙasa, Rasheed kuma ya riƙe hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa daga 2016 zuwa 2023.

Ranar 29 ga Afrilu, 2012, 'yan bindiga sun kai hari kan Kiristoci masu ibada a tsohuwar jami'a, inda aka rasa rayuka, cikinsu har da malamai.

Karatu da bincike

Jami'ar ta faro ne da harsuna da tarihi da addini, daga baya ta faɗaɗa zuwa ilimin koyarwa, shari'a, kimiyya, injiniyanci, noma, aikin jarida, haɗa magunguna da likitanci. Ɗaliban likitanci suna samun horo a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, wanda aka kafa a 1988.

Ta yi suna ƙwarai a nazarin Hausa. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta jami'ar ce ta wallafa Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ke bayanin kalmomin Hausa da Hausa. Masana irin su M. K. M. Galadanci da Ibrahim Yaro Yahaya da Sa'idu Muhammad Gusau duk sun yi aiki a jami'ar. Sauran cibiyoyinta sun haɗa da Gidan Mambayya da ke Gwammaja, wato tsohon gidan Malam Aminu Kano da aka mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, da cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwan sama, wadda Bankin Duniya ya tallafa wa, da makarantar nazarin kasuwanci ta Ɗangote da aka buɗe a 2018.

Alaƙa da masana'antun Kano

Rukunin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna da muhimmanci ga karatun ɗaliban kimiyya da injiniyanci. A ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF, wajibi ne irin waɗannan ɗalibai su yi wasu watanni a wurin aiki kafin su kammala digiri, kuma da yawansu kan nemi gurbi a kamfanonin robobi da na sarrafa abinci da majemun zamani da ke waɗannan unguwanni. Sharaɗa ce mafi kusa da tsohuwar jami'a. Durƙushewar masaƙu da wasu kamfanoni tun daga ƙarshen shekarun 1980, sakamakon ƙarancin wutar lantarki da tsadar kayan sarrafawa da shigowar kayan waje masu araha, ta rage guraben horo da na aiki ga masu kammala karatu.

Haka kuma malamai da ɗaliban jami'ar sun daɗe suna bincike a kan gurɓataccen ruwan da masana'antun ke fitarwa. Na Sharaɗa da Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Bompai kuma yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara. Abin da ya sa binciken ke da nauyi shi ne manoman rani suna ban-ruwan kayan lambu da wannan ruwa, alhali ruwan jima yana ɗauke da sinadarin kuromiyam mai illa ga lafiya.

Rayuwar ɗalibai

Akwai ɗakunan kwana na maza da na mata a matsugunan biyu, amma ba sa isar ɗalibai, don haka da yawa suna kama haya a Danbare da Rijiyar Zaki da Janbulo da Ɗorayi, wasu kuma daga gidajen iyayensu suke zuwa. Motocin bas da A Daidaita Sahu ne ke jigilar ɗalibai tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa. Baya ga ƙungiyar ɗalibai ta jami'ar, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da ƙungiyoyin ɗalibai Kiristoci, da na jihohi da na sassan karatu. Jami'ar tana da gidan rediyonta, BUK FM, inda ɗaliban aikin jarida ke koyon aiki.

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, yana daga cikin abubuwan da suka fi shafar ɗalibai. Na shekarar 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, abin da ya jinkirta kammala karatun dubban ɗalibai. Ƙarin kuɗin rajista da aka yi a 2023 ya matsa wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, har gwamnatin jihar Kano ta ɗauki nauyin biya wa dubban 'yan asalin jihar. Daga 2024 kuma ɗalibai sun fara neman rancen karatu daga asusun NELFUND na gwamnatin tarayya.