Asalin Keken Rubutu da Kiwonsa

Keken rubutu, wanda akawuna suka fi kira tafireta, asalinsa Amurka ne. Wani mutumin birnin Milwaukee, sunansa Christopher Sholes, shi da abokansa suka sami takardar mallakarsa a 1868. A 1873 kamfanin Remington, maƙera bindigogi da kekunan ɗinki, suka karɓi aikin ƙera shi. Na farkon manyan baƙaƙe kaɗai yake bugawa, sai a 1878 aka sami mai buga manya da ƙanana.

To, tun ran da aka ƙera shi ciwonsa ɗaya ne: sandunan baƙaƙen nan su sarƙe da juna. A ƙasarmu kuwa hunturu ya ƙara masa wani, watau ƙura. A zamanin En'e akawun kirki ba ya tashi aiki sai ya share kekensa da buroshi, ya ɗauki allura ya ƙwaƙule tawadar da ta cushe cikin "o" da "e", sa'an nan ya lulluɓe shi. In an bar su, takardar haraji sai ta fito 8 ta yi kama da 3, talaka kuwa shi ke shan wahalar gardamar.

Babban kuskuren sabon akawu shi ne yawan mai. Yana ganin ɗan'uwan keken ɗinki ne, sai ya tsiyaya shi a gindin sandunan, ƙura ta haɗu da man ta zama kamar ƙaro. Ɗigo ɗaya a kan titin da abin riƙe takarda ke gudu ya isa.