Ranar Sulhu ta Ƙasa a Nijar

Ranar Sulhu hutu ne na ƙasa da ake yi a Jamhuriyar Nijar kowace 24 ga Afrilu. Ana tunawa ne da yarjejeniyar zaman lafiya da aka sa wa hannu a Yamai a 1995, zamanin Shugaba Mahamane Ousmane, tsakanin gwamnati da 'yan tawayen Abzinawa ƙarƙashin Rhissa Ag Boula. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa ne suka shiga tsakani. Wutar ba ta mutu nan take ba, domin sai a 2000 aka yi bikin ƙona makamai a Agadas. Ranar samun 'yancin kai daban ce, 3 ga Agusta.