Wankin Hoto Baƙi-da-Fari: Daga Ɗakin Duhu Zuwa Kwamfuta



Da wuya a shiga ɗakin wani dattijo a zango ba a ga hoto baƙi-da-fari rataye a bango ba: kaka ya sha babbar riga da rawani, ko uwargida ta ɗaura kallabi tana riƙe da jaka. Mukan ce an ɗauki hoton. Amma ɗauka rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne abin da iyayenmu suka kira wankin hoto, kuma a nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Yanzu da samarinmu da 'yan matanmu suke koyon gyaran hoto a waya da kwamfuta, ya dace mu waiwayi tarihin wannan sana'a, domin kayan aikin da suke taɓawa sun girmi kakanninsu.

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa. Hotonsa guda ɗaya tak yake fitowa a kan farantin ƙarfe, ba a iya maimaita shi. A 1841 wani Baturen Ingila, Henry Fox Talbot, ya yi rajistar wata hanyar daban: a fara samar da nagatif, inda fari yake zama baƙi, baƙi ya zama fari, sa'an nan a haska shi a kan takarda a sami hoto, sau nawa aka so. Daga ranar da nagatif ya shiga tsakanin kyamara da takarda, hannun ɗan Adam ya sami wurin shiga. Tun a shekarun 1850, Gustave Le Gray na Faransa ya ga cewa idan teku ya fito daidai, sama takan yi fari fat. Sai ya riƙa ɗaukar teku daban, gajimare daban, ya haɗa su a takarda guda. Ke nan gyaran hoto kusan tagwaye ne da hoton kansa.

Ga yadda aikin yake a ɗakin duhu. Takardar hoto tana ɗauke da sinadarin azurfa mai jin haske. Mai hoto yana aiki ƙarƙashin jar fitila, wadda ba ta taɓa takardar. Ya sa nagatif a na'urar faɗaɗawa, haske ya ratsa shi ya sauka a kan takarda na wasu daƙiƙoƙi ƙidayayyu. Daga nan takardar ta bi faranti uku: ruwan da yake fito da hoto, ruwa mai tsami da yake tsayar da aikin na farko, da ruwan da yake kafe hoton don kada haske ya ƙara ɓata shi. Sai a ɗauraye ta sosai. Wanda ya yi ƙyuya wajen ɗauraya, bayan shekaru hotonsa zai yi rawaya ya kodar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya san irin wannan hukunci: baba ɗaya ce, amma yawan tsomawa da tsawon jira su ne suke raba shuɗi mai haske da baƙi wuluk.

Dabaru biyu ne ginshiƙin wannan aiki. Na farko karewa: yayin da haske yake sauka, mai hoto ya sa ɗan kwali a bakin siririyar waya ya tare wani gefe na 'yan daƙiƙoƙi, yana motsa shi don kada ya bar alama, sai wurin ya fito da haske. Na biyu ƙonawa: ya dunƙule hannuwansa ya bar ƙaramar kafa, ya ƙara wa wani gefe haske, sai wurin ya yi duhu. Takardun ma hawa-hawa ne, daga mai laushi, wadda take baje launin toka, zuwa mai kaifi, wadda take raba baƙi da fari sarai.

A nan ƙasar Gana sana'ar ta daɗe. Iyalan Lutterodt suna aikin hoto a Akra tun shekarun 1870, kuma a 1922 J. K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe gidan hoto na Deo Gratias a Jamestown. James Barnor, wanda aka haifa a Akra a 1929, ya koyi aikin a hannun ɗan uwansa, ya yi wa jaridar Daily Graphic aiki, ya kuma buɗe nasa gidan hoton mai suna Ever Young a farkon shekarun 1950. A zamaninsu gyara da fensir ake yinsa. Mai hoto ya ɗora nagatif a kan gilashi mai haske daga ƙasa, ya fiƙe fensir kamar allura, ya bi fuska ɗigo-ɗigo yana sassauta tamoji da tabo. Aiki ne na haƙuri, kuma kuskure ɗaya yana iya lalata nagatif ɗin gaba ɗaya.

Masu hoton Afirka ta Yamma sun sha fama da wata matsala wadda ta shafe mu kai tsaye: baƙar fuska cikin farar riga, ƙarƙashin rana mai ƙarfi. Idan aka auna haske don rigar, fuska ta dushe, sai idanu kawai. Idan aka auna don fuskar, riga ta zama farin fili, aikin aska takwas da maɗinki ya yi watanni yana yi ya ɓace. Gwani shi ne wanda zai kare fuska ya ƙona riga, har a ga annurin goshi a kuma ƙidaya zaren aikin wuya. Ku duba tsofaffin hotunan gidajenku da wannan ido, za ku gane wanda gwani ya wanke da wanda aka yi cikin gaggawa.

A Amurka, Ansel Adams da Fred Archer sun tsara wannan ilimi wajen 1940. Suka raba tsakanin baƙi ƙirin da fari tas zuwa matakai goma sha ɗaya, daga sifili zuwa goma, na biyar shi ne toka tsaka-tsaki. Manufarsu ita ce mai hoto ya yanke shawara tun kafin ya danna kyamara a wane mataki kowane abu zai zauna. Shahararren hoton Adams na fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez, a jihar New Mexico, ya ɗauke shi a 1941. Ya yi shekaru da dama yana wanke shi daga nagatif guda, kuma sararin samaniyar da take toka-toka a bugun farko ta koma baƙa ƙirin a na baya. Nagatif ɗin dai guda ne. Ra'ayin mai shi ne ya sake.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Seydou Keïta na Bamako. Ya buɗe gidan hotonsa a 1948, yana ɗauka galibi da hasken rana a tsakar gida, da zane mai ado a bayan mutum. Nagatif ɗinsa manya ne, santimita 13 da 18, yana manna su a kan takarda kai tsaye, hoto ya fito daidai girman nagatif, wanda za a sa a aljihu ko a aika wa dangi. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako ya same shi, kuma a 1994 aka yi baje kolin aikinsa a Paris. A can aka sake wanke su manya-manya, baƙi ya ƙara baƙi, fari ya ƙara fari, adon atamfa ya yi tsalle ya fito. Duniya ta yi mamaki, kuɗinsu ya hau. Amma abin da mai kallo a Turai ya gani ba shi ne abin da matar Bamako ta karɓa a hannunta ba. Keïta ya rasu a 2001, aka kuma daɗe ana gardama, har gaban kotu, a kan nagatif ɗinsa da kuma wane bugu ne ingantacce. Maƙwabcinsa a sana'a, Malick Sidibé, ya karɓi Zakin Zinariya na birnin Venice a 2007. Darasin a fili yake: wanda yake riƙe da wanki yana da rabo mai girma a abin da hoto zai faɗa.

A 1990 manhajar Photoshop ta fito, kuma har yau kayan aikinta suna ɗauke da gadon ɗakin duhu: alamar karewa ita ce ɗan kwalin nan a bakin waya, alamar ƙonawa hannu ne a dunƙule. Mai koyo a yau zai amfana da abubuwa kaɗan. Ya ɗauki hoto a tsarin RAW, domin JPEG matakai 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa yana riƙe dubbai, don haka ana iya ceto abin da ya ɓuya a inuwa. Kada ya cire launi da dannawa ɗaya. Ya auna rabon ja da kore da shuɗi da kansa, domin ƙara ja yana haskaka fata, rage shuɗi yana duhunta sama. Ya kafa baƙi na gaskiya da fari na gaskiya, sa'an nan ya yi karewa da ƙonawa kaɗan-kaɗan a kan shimfiɗa daban, yadda zai iya komawa baya. Kuma ya bar hoton ya kwana, ya sake dubawa da safe, domin ido yana sabawa da wuce gona da iri.

Abin da ya sa muka kawo wannan tarihi shi ne halin da tsofaffin hotunanmu suke ciki. Akwai manhajoji masu cewa suna raya tsohon hoto. Da yawa ba gyara suke yi ba, fuska suke ƙirƙira daga dubban fuskokin da suka haddace. Sukan haskaka fata, su daidaita hanci, su kuma ɗauki tsagar fuska a matsayin ƙarcewar takarda su shafe ta. A wurinmu tsaga takarda ce ta asali. Da ita ake gane Bagobiri da Bakabe da Babarbare a cikin fataken goro da suka zauna a Salaga da Kumasi suka haifi iyayenmu. Idan aka shafe ta, jika zai gāji kyakkyawar fuskar da ba ta kakansa ba ce. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Masu kwafar littattafai a makarantunmu suna da ƙa'ida: a gyara abin da gara ta ci idan an tabbata, kada a ƙara abin da mai littafi bai rubuta ba. Hoton magabata ma amana ce irin wannan. Wanda ya ɗauki nasa hoton don fasaha, yana da 'yancin Adams, ya duhunta sama yadda ya so. Wanda aka ba hoton kakan wani, iyakarsa ya cire ƙura da tabon ruwa, ya dawo da baƙin da ya kodar. A kwafi hoton da na'ura mai kyau, a ajiye kwafi ɗaya da ba a taɓa ba, a adana na asali nesa da danshi da rana, a rubuta suna da gari da shekara a bayansa da fensir tun masu sanin fuskokin suna raye.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba matasanmu hannu mai kyau da ido mai amana.