Lambar da ke bisa ƙofa

Bara, cikin dare, naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu. Aka miƙo mini salula, wai ni ne ɗan jami'a, in yi wa mai mota kwatance. Na ce ya wuce masallacin Juma'a, ya kwana wurin mai shayi, gida na uku bayan dogon yaro. To mai shayi ya tashi tun ƙarfe goma, dogon yaro kuwa wane lungu ne babu shi? Sai da yara suka fita bakin titi da tocila suna ɗaga hannu. Ta sauka lafiya, alhamdu lillahi. Amma tun ranar, in na ji ana zancen birnin zamani, inda pampo da fitilun hanya da motar shara za su riƙa aika bayani ta intanet, sai in ce: aika shi daga ina, zuwa ina? Duk wannan gini a kan abu guda yake tsaye, wato birni ya san inda kowane gida yake.

Kuma ba don tausayin talaka aka yaɗa lambar gida ba. A 1770 Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta sa aka bi gari da ƙauye ana shafa wa kowane gida lamba, don a ƙidaya mazan da za su iya shiga soja. Mutane sun gane, wasu har suka kankare lambar ko suka shafe ta da taɓo. Kakanninmu da suka ga ƙidayar Nasara tana zuwa da haraji da aikin dole ba za su yi mamakin wannan ba. A 1805, zamanin Nafoliyon, Paris ta tsara abin da aka saba gani yau: lambobi masu cika gefe guda, marasa cika ɗaya gefen, ana lissafi daga kogin Sen.

Abin da aka ƙera don kamun soja, sai ga shi yana ceton rai. A 1854 kwalara ta faɗa wa unguwar Soho a Landan, ta kashe mutum sama da 600. Yawancin likitoci a lokacin sun ɗauka mugun wari ne ke kawo ta. Likita John Snow ya karɓi jerin mamata daga ofishin rajista, kowane suna da adireshinsa, ya bi gida gida yana tambaya ina suke ɗibar ruwa. Sai ga mutuwar ta taru kewaye da pampo guda a titin Broad. Ranar 8 ga Satumba hukumar unguwa ta cire hannun pampon. Gaskiya annobar ta riga ta fara lafawa, amma taswirar da ya zana daga baya ta nuna abin da babu mai iya gani da ido. Ku lura fa, ba kwamfuta, ba waya. Da an rubuta mamatan da "bayan dogon yaro", da Snow bai ga komai ba.

Mu ma an gwada. A farkon shekarun 2000 aka yi wa titunan Yamai adireshi, aka kafa alluna masu haruffa biyu da lamba: KK na Koira Kano, YN na Yantala, PL na Plateau. Tsarin yana da kyau a takarda, yana taimakon mai raba takardar kuɗin ruwa da wuta. Sai dai ku tare ɗan taksi ku ce masa KK kaza, ku ga irin kallon da zai yi muku. Shi ya san kasuwa, ya san masallaci, ya san gidan wane. Ko a Oktoban 2024 da aka mai da titin Charles de Gaulle titin Djibo Bakary, magajin garin Yamai na farko, allo ya sake rana ɗaya, baki kuwa yana bin nasa lokaci.

A nan ne karatuna na harshe ke sa ni gardama da abokaina masu karatun injiniya. Su suna nuna mini Gana, wadda a 2017 ta fito da GhanaPostGPS, ta yanka ƙasar duka murabba'i murabba'i, mita biyar-biyar, kowane da lambarsa a salula. Na yarda, na'ura tana son haka. Amma wanda gidansa ke cin wuta ba ya karanto lambobi, sunan da ya tashi yana ji shi ke fita bakinsa: Birni, Zango, Sabon Gari, bakin tasha. Sunayen nan su ma bayanai ne, tsofaffi ma, kawai ba wanda ya tattara su ya ɗaura kowane a kan wurinsa a taswira.

Aiki ne da ɗalibai za su iya cikin hutu guda, unguwa guda: a zauna da mai unguwa da ƴan kabu-kabu, a rubuta yadda ake kiran kowane lungu da Hausa ko Zabarmanci, a ɗauki wurin da salula. Ni dai na fara da tamu. Lungun mai shayin nan kaɗai na samo masa suna uku, kuma tsofaffi ba su yarda da ko ɗaya ba.