Na'urar daidaita zafin gida mai aiki da intanet: Yadda ake girka ta da abin da take iya yi

A ƙasashen da ake fama da tsananin hunturu, kamar Amurka da Kanada da Birtaniya, da wuya a shiga gida ba a tarar da wani ɗan akwati maƙale a jikin bango ba, wanda shi ke yanke lokacin da na'urar ɗumama gida za ta kama aiki da lokacin da za ta tsaya.

Turawa na kiran wannan akwati tamostat, wato na'urar daidaita zafi da sanyi. Daga baya aka fara sayar da irin wadda ake haɗawa da intanet ta hanyar waifai, ta yadda mai gida zai iya sarrafa ta da wayarsa ta salula ko da yana wani gari.

Batun ya shafi aljihun jama'a. Hukumar tattara bayanan makamashi ta Amurka ta ce a shekarar 2020, ɗumama gida da sanyaya shi sun cinye kashi 52 cikin 100 na makamashin da gidajen ƙasar suka yi amfani da shi. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, ɗumama ɗakuna kaɗai na cin sama da kashi 60 cikin 100.

Asalin na'urar

A wajajen shekarar 1620 ne wani ɗan ƙasar Holand, Cornelis Drebbel, ya ƙera wata na'ura mai amfani da zaiba domin daidaita ɗumin akwatin ƙyanƙyasar ƙwai.

Sai dai irin wadda ake sakawa a ɗaki ta samo asali ne daga Amurka. A 1883 wani malamin kwaleji a jihar Wisconsin, Warren Johnson, ya yi rajistar wata na'ura mai aiki da lantarki, kuma daga nan ne kamfanin Johnson Controls ya tsiro. Jim kaɗan bayan haka Albert Butz ya ƙirƙiro tasa, wadda ta zama tushen kamfanin Honeywell. A 1953 Honeywell ya fitar da wata mai siffar da'ira wadda ta shiga miliyoyin gidaje.

Kamfanin ecobee na birnin Toronto ne ya fara fitar da mai waifai. A 2011 wasu tsofaffin injiniyoyin Apple biyu, Tony Fadell da Matt Rogers, suka fito da Nest, wadda Google ya saya a 2014 kan dala biliyan 3 da miliyan 200. A Birtaniya kamfanin British Gas ya shigo da Hive a 2013, yayin da a Jamus ake da tado.

Yadda take aiki

Ita wannan na'ura ba ta samar da zafi ko sanyi da kanta. Makunni ce kawai mai ma'aunin zafi a ciki. Idan ɗumin ɗaki ya sauka ƙasa da adadin da aka saita, sai ta umarci murhun ɗumama gida ko tukunyar gas su kama. Da zarar an kai adadin, sai ta kashe su.

Saboda haka, wanda ya shigo gida a daskare ya murɗa ta zuwa digiri 30 a ma'aunin Selsiyos bai ƙara wa ɗumin sauri ba a yawancin gidaje. Abin da ya yi kawai shi ne tsawaita lokacin da murhun zai yi ta ci.

Tanadin kuɗi na zuwa ne ta hanya guda. Gida na zubar da zafinsa ta bango da rufi da tagogi, kuma gwargwadon ratar da ke tsakanin zafin ciki da na waje, gwargwadon saurin wannan asara. In aka rage ɗumin da dare ko lokacin da kowa ya fita, asarar na raguwa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce rage kimanin digiri 4 zuwa 6 na tsawon sa'o'i 8 a kullum na iya rage kuɗin da ake kashewa da har kashi 10 cikin 100 a shekara.

An daɗe da samun na'urorin da ake tsara wa jadawali da maɓallai, to amma mutane da yawa sun kasa gane kansu, inda suka riƙa barin su a kan adadi guda dare da rana. A ƙarshen 2009 shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya janye tambarinsa daga irin waɗannan na'urori, saboda rashin hujjar cewa suna kawo tanadin da ake zato. Wannan giɓi ne masu waifai suka zo cikewa.

Abin dubawa kafin saye

Ba kowace na'ura ce ke dacewa da kowane gida ba, kuma a nan ne aka fi yin asarar kuɗi.

A Amurka da Kanada yawancin gidaje na amfani da siraran wayoyi masu ƙarfin volt 24 tsakanin bango da murhu. Ga irin waɗannan aka ƙera yawancin na'urorin. Amma idan aka cire murfin tsohuwar aka tarar da wayoyi biyu ko huɗu masu kauri, ko rubutun volt 120 ko 240, to wannan cikakkiyar wutar gida ce. Haɗa na'urar volt 24 da ita na iya ƙona na'urar, ko ma ya haddasa gobara.

Kowace waya na shiga ne a wata ƙafa mai harafi. R ce ke kawo wuta daga taransifoma, W ta ɗumama ce, Y ta kwamfureson na'urar sanyaya gida, G kuma ta fanka. Ƙafar O ko B na nuna cewa gidan na da famfon zafi, wato na'urar da ke ɗumamawa da hunturu ta kuma sanyaya da bazara.

Wadda ta fi jawo matsala ita ce waya mai harafin C. Tsofaffin na'urori ba sa buƙatar ta, domin wasu batir suke ci, wasu kuma ba sa cin wuta sam. Mai waifai kuwa tana da allo da kuma rediyon da ke aiki ba dare ba rana, don haka tana son wuta marar yankewa, kuma wayar C ce ke kammala mata zagayen wutar.

Idan babu ita, akwai mafita uku. Sau da yawa akan sami wata waya da ba a yi amfani da ita ba a naɗe cikin bango, sai a haɗa ta a ɓangarorin biyu. In babu, kamfanoni irin su ecobee da Google na da wani ɗan akwati da ake ɗaurawa a jikin murhun domin maye gurbinta. Hanya ta ƙarshe ita ce a kira ma'aikaci ya ja sabuwar waya.

Wanda ke zaman haya kuma sai ya nemi izinin mai gida tukuna, ya kuma adana tsohuwar na'urar domin mayarwa ranar tashi.

Matakan girkawa

Matakin farko shi ne kashe wutar murhu da ta na'urar sanyaya gida daga akwatin rarraba wuta. Volt 24 ba ta cika yi wa mutum lahani ba, amma in waya R ta taɓa wata, fis ɗin da ke cikin murhun ko ma taransifomar na iya ƙonewa.

Daga nan sai a cire murfin tsohuwar na'urar, a ɗauki hoton wayoyin kamar yadda suke, sannan a liƙa wa kowacce takarda mai harafin ƙafar da ta fito. Harafin ake bi, ba launin waya ba, domin ma'aikatan da suka gabata ba lalle ne sun bi ƙa'idar launi ba. Akan naɗe wayoyin a jikin fensir don kada su zame su faɗa cikin bango.

Sai a ɗaura sabon farantin da sukundireba, a toshe ramin da wayoyin suka fito don kada iskar cikin bango ta ruɗi ma'aunin, a cusa kowace waya a mazauninta, a maƙala fuskar na'urar, kana a mayar da wuta.

Bayan ta kunnu, za ta nemi sunan waifai na gidan da kalmar sirri. Da yawa daga cikinsu na aiki ne a kan zangon gigahaz 2.4 kawai. Daga ƙarshe sai a sauke manhajar kamfanin a wayar salula, a buɗe asusu, sannan a gwada ɗumamawa da sanyayawa ɗaya bayan ɗaya.

Wurin da aka maƙala ta na da tasiri. An fi so ta kasance a bangon cikin gida, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da hasken rana da ƙofar waje da kicin. Na'urar da rana ke dukanta za ta ɗauka gida ya yi ɗumi alhali mutane na karkarwa.

Idan tsohuwar na ɗauke da ɗan ƙaramin gilashi mai ruwan azurfa a ciki, to zaiba ce, kuma guba ce. Ba a jefa ta a kwandon shara, ana kai ta wuraren da aka keɓe domin karɓarta.

A Birtaniya da sauran ƙasashen Turai tsarin ya bambanta. Na'urar kan zo kashi biyu: akwatin da ake haɗawa da tukunyar gas, wanda galibi ke ɗauke da wutar volt 230, da kuma ma'aunin da ake ajiyewa a ɗaki, suna magana da juna ba tare da waya ba. Saboda haka ake ba da shawarar ƙwararre ya yi wannan aiki.

Amfani da ita yau da kullum

Hanya mafi sauƙi ita ce raba yini gida huɗu: tashi daga barci, fita aiki, dawowa, da kwanciya. Da hunturu akan saita kimanin digiri 20 lokacin da ake gida, a rage da dare da kuma lokacin fita.

Wasu na'urorin, kamar Nest, na lura da yadda ake murɗa su a kwanakin farko su tsara jadawalin da kansu. Wasu na bin inda wayar mai gida take, su rage wuta in ya yi nisa, su ƙara in ya doso gida. Akwai kuma masu ƙananan ma'aunai da ake ajiyewa a wasu ɗakuna.

Sai dai ragewar na da iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2018 cewa kada ɗumin cikin gida ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, kuma tsofaffi da jarirai da marasa lafiya na iya buƙatar fiye da haka. Haka nan mai tafiya da hunturu bai kamata ya kashe ɗumin gaba ɗaya ba, domin ruwa na iya daskarewa ya fasa bututu.

Masu famfon zafi su ma sai sun yi hattara. In aka rage da yawa sannan aka ɗaga lokaci guda, na'urar kan kunna wayoyin ɗumama na ko-ta-kwana, waɗanda ke shan wuta sosai.

Shirin Energy Star ya ƙiyasta cewa na'urorin da ya amince da su na rage kimanin kashi 8 cikin 100 na kuɗin ɗumamawa da sanyayawa, wato kusan dala 50 a shekara. Wanda dama ya saba rage wutarsa da hannu ba zai ga bambanci sosai ba.

Wane ne ke riƙe da akalar?

Haɗa na'urar da intanet na nufin ba mai gida kaɗai ke da iko da ita ba.

A watan Janairun 2016 wani kuskure a manhajar Nest ya tsotse batirin wasu na'urori, lamarin da ya sa mutane suka wayi gari cikin sanyi. A wannan shekarar kuma wasu masu bincike na kamfanin Pen Test Partners na Birtaniya suka nuna a taron DEF CON yadda za a iya kulle irin wannan na'ura a nemi kuɗin fansa.

A watan Agustan 2022 kimanin masu hulɗa 22,000 da kamfanin wuta na Xcel Energy a jihar Kolorado sun kasa sauya saitin na'urorinsu na tsawon sa'o'i a wata rana mai zafi. Tun farko sun shiga wani shiri ne da kansu, inda aka ba su dala 100, da kuma dala 25 duk shekara, bisa sharaɗin kamfanin na iya taɓa na'urorin idan wuta ta yi ƙaranci.

A watan Oktoban 2025 kuma Google ya daina tallafa wa Nest ƙirar 2011 da 2012, da wadda aka fitar a Turai a 2014. Suna ci gaba da aiki da hannu, amma ba a iya sarrafa su ta wayar salula.

Bugu da ƙari, na'urar na tattara bayanan lokacin da gida yake wayam. Don haka ake shawartar masu ita da su zaɓi kalmar sirri mai wuya, su kuma karanta sharuɗɗan duk shirin da za su shiga.

Ƙasashe masu zafi fa?

A Najeriya da Nijar da maƙwabtansu, iyakwandishan ɗin da aka fi sani shi ne na ɗaki ɗaya mai rimot, wanda ma'auninsa ke cikin jikinsa. Na'urar bango irin ta Amurka ba ta da inda za a haɗa ta da shi. Abin da ke dacewa shi ne ƙananan akwatuna masu waifai, irin na kamfanin Sensibo, waɗanda ke kwaikwayon saƙon rimot, ko kuma sabbin iyakwandishan da ke zuwa da waifai a cikinsu.

Idan intanet ta yanke, yawancin na'urorin bango na ci gaba da bin jadawalin da ke ajiye a cikinsu, kuma ana iya murɗa su da hannu. Abin da ake rasawa kawai shi ne sarrafa su daga nesa, har zuwa lokacin da layin zai dawo.