Lauya Tsakanin Harsuna Biyu: Waiwaye a Kan Shari'ar Hausawan Agege

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin aikin lauya a tsakanin Hausawan Agege, domin ta nuna cewa nauyin harshe shi ne mafi girma daga cikin nauye-nauyen da ke wuyansa.

2.0 Tushen Al'amarin

Dokar Ingila ta kafu a Legas bayan Turawa sun karɓe garin a 1861. Tun a 1879 Christopher Sapara Williams ya zama lauya na farko ɗan Nijeriya. Jihar Arewa kuwa ba ta sami nata ba sai a 1955, wato Alhaji A.G.F. Abdul-Razaq na Ilori, sannan Mohammed Bello na Katsina a 1956. Ɗaya daga cikin dalilan wannan jinkiri shi ne, a zamanin mulkin mallaka ba a yarda lauya ya tsaya gaban alƙali ba. Harshe ma ya adana wannan tarihi: alƙali da shari'a da hukunci da shaida tsofaffin aro ne daga Larabci, amma lauya da kotu da beli baƙi ne daga Ingilishi.

Da layin dogo ya isa Kano a 1911, sai Agege ta bunƙasa ta zama zangon fataken goro da shanu. Cinikinsu na amana ne, akasari ba rubutu. In rigima ta taso, maigida ko liman ko Sarkin Hausawa ke sasantawa.

3.0 Matsin da Lauya Ke Ciki

Na farko, ba a zuwa wurin lauya sai sulhu ya gagara, zukata sun ɓaci. Na biyu, kotu takarda take nema, shi kuwa falke rantsuwa da shaidun baka gare shi. Na uku, da Ingilishi ake shari'a a Ikeja. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma da laifi tafinta kyauta, amma bai haɗa da ƙarar bashi ko haya ba. A zaman da na yi a Legas na ji an fassara "ajiya" da kalmar da ke nufin rance, alhali hukuncinsu ya sha bamban. Lauya mai jin Hausa yana kare mai ƙara, yana kuma gadin bakin tafinta. In an yi ta ɗage shari'a, shi ake zargi da jan lokaci don kuɗi.

4.0 Kammalawa

Makarantar Lauyoyi da aka kafa a Legas a 1962 doka take koyarwa, ba tafinta ba. Saboda haka ya rage ga masana harshe su daidaita kalmomin shari'a na Hausa, su kuma horar da tafintoci, domin kuskuren kalma guda yana iya raba mutum da dukiyarsa ko 'yancinsa.