Garahuni a kan Hanyar Gwanja

Duk wanda ya tashi a zangon Parakou ko na Djougou ya san wata ciyawa mai yaɗo da ke hawa danga da damina, ganyenta a tsattsage, furenta rawaya. Idan ɗanta ya nuna sai ya fashe, 'ya'yan ciki su bayyana lulluɓe da jar tsoka. Kakanninmu garahuni suke ce mata, wasu su ce garafuni. Yau ka tambayi yaro sunanta, sai ya ce maka ciyawa ce kawai.

Ciyawar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, sunan ne ya zo tare da fatake. Tun kafin zuwan Turawa ayari kan taso daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da fatu, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya sauka Parakou, sannan Djougou da a da ake kira Zugu, inda unguwar Wangara ke karɓar baƙin 'yan kasuwa. Daga nan sai Salaga, kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, babu asibiti, babu likita. Abin da mutum ya sani na saiwa da ganye shi ne guzurinsa na biyu. Garahuni kuwa ba ya bukatar a ɗauko shi a mangala, domin kusan ko'ina aka ya da zango ana samunsa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, da isar jirgin ƙasa Kano a 1911, goro ya sake hanya, ayari ya ja baya. Waɗanda suka zauna su ne kakanninmu.

Amfaninsa a gidan Bahaushe a ɗacinsa yake. Ana dafa ganyen a sha don zazzaɓi da ciwon ciki da tsutsa, ana wanka da ruwansa don ƙuraje. Amma inda ya fi suna shi ne ɗakin mai jego: akan sa shi a kunu ko fate domin nono ya kawo. Likitan Birtaniya Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya sa sunan cikin ƙamus ɗinsa na tsirran Hausa a 1916, ya daidaita shi da abin da masana ke kira Momordica balsamina.

A nan akwai abin lura. Wannan irin ya fi son busasshiyar ƙasa kamar ta Hausa. Can kudu, inda ruwa ya fi yawa, ɗan'uwansa Momordica charantia ne ya fi yaɗuwa, mai ɗa dogo da ƙuraje a jiki. Yarbawa na kiransa ejinrin, masu bautar Vodun kuma kan rataya yaɗonsa a wuya lokacin bukukuwansu. Har Haiti da Jamaika jikokin bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun nan suna shan ruwansa. Mu da muke tsakiya, da wuya mu bambanta biyun.

Ni dai abin da ke damuna shi ne, tsofaffin da suka san ma'auni suna ƙarewa, saura sun riƙe rabin ilmin. An san yana rage sukari a jini, sai ka ga mai ciwon suga ya haɗa shi da ƙwayar asibiti, jiri ya kwashe shi. Mai ciki kuwa ba ta shan sa sam, domin yana iya zubar da ciki. Ungozoma ta da ta san wannan sarai, ba ta bayarwa sai bayan an sauka. A kasuwar Arzeke yau za ka sayi ƙullinsa a bushe, mai sayarwa ta karɓi sefarka, ba ta tambaye ka wa zai sha ba.